Ɗakin da Ƙuda Ba Ya Shiga

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, domin Goggo tana cikinsa, ni kuwa ko gishiri ne ya yi yawa a miyarta ba na iya ɗaga ido in faɗa mata. Malaz, matar yayana, ita ta matsa mini. Ta ce in rubuta yadda abin ya faru, in wani ya kai wa Goggo gulma ita za ta tsaya mini.

Ranar jajibirin suna ce, da hantsi. Ina durƙushe a ƙofar sabon ɗaki ina fifita garwashi a kasko, Goggo tana tsaye a kaina tana cewa in ƙara hannu, hayaƙin bai kai ba. Daga ciki ina jin tarin jariri, ɗan siriri, kamar na ɗan kyanwa.

Yaya Haliru ne ya gina ɗakin. Gidanmu a Gadarif gutiyya ne, ɗakunan ciyawar nan masu tsinin kai da kowa yake da su a unguwarmu. Iyayen Malaz sun baro Khartum shekarar da aka fara yaƙi, suka sauka kusa da mu, shekara na zagayowa Yaya ya aure ta. Ta shiga gutiyya ba ta taɓa cewa komai ba. Amma wata rana ya ji tana ba ni labarin ɗakinsu na can mai shuɗin bango, sai ya riƙe abin a ransa. Da aka girbe riɗi ya sa aka ɗora bulo, aka rufa kwano, aka kafa taga ta ƙarfe. Ranar da Malaz take asibiti tana naƙuda, shi yana gida yana shafa wa bango bohiya, fentin nan mai maiƙo da ake sirkawa da fetur. Shuɗi ya zaɓa. Ya yi wa ɗansa huɗuba, ya shigar da matarsa ɗakin da kansa yana ta murmushi, sannan ya koma gonar da yake tuƙa tarakta wajen Ƙala'at an-Nahal, domin ana tsakiyar yankan dawa. Ya ce zai dawo da safiyar suna, da ragonsa.

Goggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta riƙe mu tun muna ƙanana. Ta ɗauki ɗakin nan kamar amanar da za a tambaye ta gobe kiyama. Kullum safiya takan sa in wanke daɓen da fanik, baƙin ruwan nan mai warin asibiti, in ta ga bai yi mata haske ba ta tsiyaya kilor, ruwan nan mai sa tufafi su yi fari, a bokitin. Da yamma ta fesa maganin sauro a ƙarƙashin gado da bayan labule, Malaz da jariri suna kwance. Akwatin kayan jariri ta cika shi da kafur saboda kyankyasai. Ragowar gwangwanin bohiya da kwalbar fetur ta tura su ƙarƙashin gado kada akuya ta zubar. Taga kuwa tun ranar farko ta rufe ta, ta cusa tsumma a kowace kafa, ta rataya bargo a ƙofa. Sanyi ya fara shigowa, kuma a wurinmu iska ba ta taɓa mai jego. In ta taɓa ta, in ji Goggo, da ciwon ƙashi za ta tsufa. A kan duk wannan sai turaren wuta, safe da rana da magariba.

Abin da ya fi faranta wa Goggo rai shi ne babu ƙuda ko ɗaya a ɗakin. Duk wadda ta zo barka sai ta nuna mata. Matan unguwa sukan shigo da guɗa suna mabruk, wato barka, su karɓi jariri, su yaba bango, sai in ga sun fara ƙifta ido. Kafin in zuba musu jabana, gahawar nan tamu, zagaye na biyu sun tuna sun bar tukunya a wuta. Wata maƙwabciyarmu ta fita tana share hawaye da gefen tob ɗinta, babban mayafin nan da muke naɗawa, Goggo ta zungure ni.

"Kin gani, Bakhita? Har kuka suke yi. Ba su taɓa ganin ɗakin mai jego irin wannan ba."

Na ce haka ne, Goggo.

Ni kaina in na jima a ciki kaina yakan yi nauyi, maƙogwarona ya riƙa ƙaiƙayi. Da na fita wanke-wanke sai ya sake ni. Kyanwar gidanmu, wadda take kwana a ƙafafun Malaz lokacin da take gutiyya, takan zo bakin bargon ta tsaya, ta yi atishawa, ta juya. Malaz kuwa ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali, kunun hulba ma da ƙyar take sha. Da safiyar ranar, da Goggo ta zaga bayi, na raɗa mata cewa ina jin ɗakin ne yake sa mata ciwon kai. Ta ce ta sani tun ranar farko.

"To in ce me? In ce ɗakin da mutum ya zuba girbinsa duka a ciki saboda ni yana wari? Gobe a ce 'yar Khartum ta raina mana. Ke ki faɗa wa Goggo mana, ba goggonki ba ce?"

Muka dubi juna, muka yi dariya a hankali, domin ta san ba zan iya ba.

Amma abin ya wuce dariya da jariri ya fara sakin nono. Ya kama, ya tsotsa kaɗan, ya saki ya yi tari. Idanunsa suka yi ja. Goggo tana kiransa angonta, kamar yadda kakanni suke yi, kuma ba ta iya ganinsa haka. Ta ce baki ne. Matan nan sun yaba ɗaki sun yaba yaro, ba kowace ce ta ce ma sha Allah ba, ita ta lura da waɗanda ba su ce ba. Shi ya sa ta ciro ƙullin turaren taiman, haɗin ƙaro da gishiri da itatuwa da ake ƙonawa don maganin baki, ta sa ni fifita garwashi.

Na shigar da kaskon. Goggo ta barbaɗa turaren, hayaƙi ya tashi fari, ba shi da wurin fita. Ta zagaya shi a kan yaron tana addu'a. Ya yi tari, ya ƙara, sai tarin ya sarƙe shi har fuskarsa ta yi duhu, yana buɗe baki sauti ba ya fita. Da ƙyar ya ja numfashi ya tsala kuka.

Malaz ta miƙe ta jawo tob ɗinta ta ce asibiti za ta. Goggo ta ce mai jego ba ta taka ƙofar gida, ba a taɓa yi ba a zuriyarmu, balle gobe suna. Tana faɗa tana kallon angonta, sai na ga ta fara laluben takalmanta. Ta naɗe Malaz da bargo, ta sa mata safa, ta rufe mata kai har sai ido kawai ake gani, ni kuma ta tura ni bakin hanya in taro raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku.

Mai rakshar wani dattijo ne mai fara'a. Muna shiga ya waiwayo ya shaƙi iska.

"Hajja, bohiya kuke sayarwa? Ina neman wadda zan shafa wa rakshar nan."

"Ƙamshin tsafta ne," in ji Goggo. "Ba ka saba da shi ba, shi ya sa. Ka dubi gabanka."

Ya ce da ma matarsa ta sha faɗa masa haka. Muka bi ta gefen kasuwa, inda aka jibge buhunan riɗi har sun fi mutum tsawo, manyan motoci cike da 'yan aikin gona suna ta danna mana ƙaho. Raksha ba ta da ƙofa, iska tana shigowa ta dama ta fita ta hagu. Goggo ta baza tob ɗinta tana tarewa, ta tare nan ta shigo ta can, har ɗankwalinta ya kusa tashi. Ni ina tsakiya ina kallon yaron. Tarin ya ragu. Can na ga ya juya kai yana nema, Malaz ta tura shi cikin bargo, sai muka ji yana haɗiya. Ta leƙo ta dube ni, ni ma na dube ta. Goggo ta ce alhamdu lillahi, da ma ta sani, mun yi nisa da idanun unguwa.

A ƙaramin asibitin da muke zuwa mun tarar da layi, amma ganin jariri ɗanye aka ba mu hanya. Sista Asia ce a ɗakin, wata doguwar mata 'yar Showak da take magana da mu da Hausa tana sirkawa da Larabci. Mura take yi ranar, ta rufe hanci da baki da ƙyalle, muryarta a toshe. Ta auna zafin jikinsa, ta saurari ƙirjinsa, ta buɗe idanunsa. Ta ce babu zazzaɓi, kuma yanzu numfashin bai yi muni ba. Ta tambaya ko ana girki a inda yake kwana, ko akwai ƙura, ko wani mai tari ya ɗauke shi. Goggo ta ce babu ko ɗaya. Ta ce a duk Gadarif babu ɗakin da ya kai nasa tsafta, sabo ne fil, ko ƙuda ba ya shiga. Sista ta dubi Malaz. Malaz ta sunkuyar da kai tana gyara wa yaro hula.

Sista ta ce to wataƙila 'yar mura ce, a ci gaba da ba shi nono, a rufe shi da kyau, in ya ƙaru a dawo. Ta jawo takarda. A bakin ƙofa wata mata ta riga ta leƙo da nata ɗan.

A rufe shi da kyau. Na san yadda Goggo za ta ji wannan magana. Za mu koma, za a ƙara bargo a ƙofa, da yamma a fesa magani, a sake ɗora kasko. Na ga fuskar yaron yadda ta yi duhu ɗazu. Ban iya kallon Sista ba, takalmanta na kalla, farare ne, ɗaya ya tsage a gefe.

"Sista, ƙudan gudun ɗakin suke yi."

Ta ce in maimaita, ba ta ji ba. Na maimaita. Daga nan bakina ya buɗe, na faɗi bohiya da fetur a ƙarƙashin gado, da fanik da kilor a bokiti ɗaya, da feshin yamma, da kafur, da tsummokaran taga, da kaskon ɗazu. Na ce ko kyanwa ta daina shiga. Ina jin idon Goggo a gefen wuyana kamar an ɗora mini garwashi, amma ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Sista ta ajiye alƙalami. Ta sauke ƙyallen fuskarta, ta ɗauki zanen yaron ta kai hanci, ta kawar da kai da sauri. Ta ce in har ita da wannan mura ta ji, to Allah ne kaɗai ya san abin da yaron yake shaƙa. Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo kujerarta kusa da Goggo ta kama hannunta ta buɗe tafin.

"Ya hajja, tsaftarki ba ta da laifi, da kowa yana yi kamar ke da mun huta. Amma dubi, ƙirjin angon naki bai kai wannan tafin ba. Abin da ya kori ƙuda, yaron nan ba shi da ƙafar guje masa."

Ta ce a fitar da su daga ɗakin yau ɗin nan, a mai da su gutiyya, domin ciyawa tana barin iska ta ratsa, a ɗaura musu gidan sauro. Sabon ɗaki a buɗe ƙofa da taga dare da rana har warin bohiya ya mutu, ko da zai ɗauki makonni. Gwangwani da kwalba a kai su can waje. Kilor da ruwa kawai ake sirka shi, in aka haɗa shi da wani maganin wanki yakan tayar da tururi mai ƙona ƙirji, fanik kuma a bar wa bayi. Feshi sai babu kowa a ɗaki, a bari ya sha iska kafin a shiga. Kafur ta fi tsawatarwa a kansa. Ta ce a zubar, a wanke kayan duka da sabulu a shanya a rana, kuma in muka ga idon yaro ko jikinsa ya yi rawaya mu kawo shi ko muna tsakiyar cin abinci.

Goggo ta saurara har ƙarshe. Sai ta tambayi abu biyu, turare da iska. Sista ta ce turare a tsakar gida, a turara tob a shigo da shi, ba a kan yaro ba. Iska kuwa, ta ce ita ma kakarta haka take faɗa.

"Ki rufe mai jegon, hajja, safa da bargo da komai. Tagar ce kawai za ki bari."

A hanyar komawa Goggo ta kawar da kai daga gare ni. Mai rakshar, wanda ya jira mu, ya gwada tsokanarta, ta ce ya dubi gabansa, ya ce yau kam ya dubi gabansa har ya gaji. Ni na takure a gefe ina jin kamar na fasa mata tulu a gaban baƙi.

Muna shiga gida ta cire takalma ta fara ba da umarni kamar tun jiya ta tsara. In share gutiyyar Malaz ta da. In fitar da katifa ta sha rana. In ɗauko gidan sauro. Gwangwanin nan me yake yi a ƙarƙashin gado, wa ya ajiye shi a nan? Na ce ban sani ba, Goggo, na kai shi bayan turken akuya. Matan da suka zo taya aikin suna suka tarar da mai jego a gutiyya, Goggo ta ce musu sabon ɗaki ya yi wa yaro girma, sai ya ɗan yi wayo. A nan suka zauna, suka sha jabana har zagaye na uku, babu wadda ta tuna da tukunya. Yaron ya sha nono ya yi barci da hannayensa sama. Malaz ta kwance ɗankwalinta, ta shanye kwanon kunu ta nemi ƙari.

Saura Yaya. Waya ba ta shiga a gonarsu, kuma gobe zai shigo da abokansa don su ga ɗakin da ya yi wa matarsa. Malaz ta ce ita ba za ta iya kallon fuskarsa ta faɗa ba. Muka dubi Goggo. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Wadda ta iya baki a asibiti ita za ta faɗa masa."

Sannan ta ce ba a barin sabon ɗaki babu kowa, ita za ta kwana a ciki, mu ga ko za ta mutu. Bayan isha ta ɗauki buta da carbi ta shige, ta saki bargon ƙofa.

Washegari da na fito bayan sallar asuba, na tarar da ita a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, ta ƙudundune. Tagar sabon ɗaki a wangale take, an tokare ta da muciya, tsummokaran suna zube a ƙasa. Ba ta buɗe ido ba ta ce kwanon rufin nan ƙara yake yi, ba ya barin mutum barci. Na ce haka ne, Goggo. Na juye akwatin jariri, na tsince kafur na jefa a masai, na jiƙa kayan a baho.

Ina cikin cuɗawa na ji mota ta tsaya a waje, na ji kukan rago. Yaya ya shigo, ƙurar gona har girarsa, igiyar rago a hannu ɗaya, sabon gwangwani a ɗayan. Ya ce farin fenti ne, ya samo a hanya, zai yi sauri ya shafa wa ƙofa da taga kafin mutane su taru, don su yi kyau da shuɗin. Ya nufi ɗakin yana kiran Malaz.

Na goge hannuna na tare shi na yi masa sannu da zuwa. Na karɓi gwangwanin kamar yadda nake karɓar kayansa kullum in ya dawo. Na kai shi gindin murhu na ajiye, na zauna a kai.

Ya leƙa ɗakin ya ga babu kowa, ya juyo. Ya tambaya ina matarsa, ina ɗansa, wa ya buɗe taga, ni kuma me nake yi a kan bohiyarsa. Na faɗa masa, tun daga tari har maganar Sista. Igiyar ragon na riƙa kallo. Na ce Malaz tana son ɗakin, har cewa ta yi shuɗin ya fi na Khartum, za ta koma da zarar ya huce. Ragon yana ta jan shi. Sai ya ce to ya ji, in tashi in ba shi, ƙofa ce kawai, daga waje.

"Ba zan tashi ba, Yaya. Ka je ka ji numfashinsa tukuna."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Daga cikin bargo, a ƙarƙashin rumfa, muryar Goggo ta fito.

"Ka ji abin da ta ce. Ka wanke hannunka kafin ka taɓa mini ango."

Ya ɗaure ragon, ya wanke hannu, ya sunkuya ya shiga gutiyya. Ya daɗe bai fito ba, har na fara jin dariyar Malaz. Ni dai ban amince in tashi ba. Na jawo kaskon suya da turmi kusa da ni. A kan gwangwanin nan na soya 'ya'yan gahawa, a kansa na daka, a kansa na dafa wa baƙi jabana, kuma ina zaune a kansa na ji liman ya raɗa wa yaron suna Mutaz.